Noman rani: ɓarawon yana cikin saiwa, ana ta fesa wa ganye magani

Da zarar sanyi ya fara ja da baya, wajen ƙarshen watan Fabrairu, akan fara jin koke iri ɗaya daga garaken noman rani, ko a Jiratawa da bakin Gulbin Maraɗi, ko a Koramar Matamaye da Magarya, ko a kwarin Maggiya, ko a Gamkalle da ke bakin kogin Isa a Yamai. Tumatir ya tsaya cak ya ƙi girma. Ganye ya yi ruwan ɗorawa. Da rana tsaka shukar ta yi laushi kamar ta kwana uku ba ta sha ruwa ba, alhali ƙasar da ke gindinta a jiƙe take. Da yamma ta ɗan miƙe, washegari ta sake langaɓewa. 'Ya'yan da ta yi ba su da yawa, kuma ba su da girma.

Kowa da irin bayanin da yake bayarwa. Wani ya ce ƙasa ce ta gaji, wani ya ce iri ne jabu, wani ya ɗora wa takin zamani laifi, wani ma ya ce baki ne ya kama garkar. Daga nan sai saƙon murya ya tafi ta WhatsApp zuwa ga ɗan uwan da ke bida a Aljeriya ko Libiya ko Legas ko Abijan, cewa a taimaka da kuɗin magani da na taki kafin garka ta lalace. Ya turo, a je kasuwa a sayo kwalbar feshi da tiya biyu ta yuriya, a fesa, a zuba. Bayan mako biyu babu abin da ya sauya, sai dai aljihun da ya ragu.

Sau da yawa a irin wannan hali, abin da ke cin shukar yana can ƙarƙashin ƙasa, cikin saiwa, inda feshi ba ya isa. Wata 'yar mitsitsiyar tsutsa ce da ido ba ya gani, wadda malaman gona ke kira nematod. Gano ta ba ya buƙatar dala ko ɗaya: a tono shuka guda, a wanke saiwarta a cikin bokiti, a duba. Rashin wannan ɗabi'a ta duba saiwa kafin a kashe kuɗi yana cikin manyan hanyoyin da jarin noman rani ke zurarewa a ƙasar nan. Lokaci ya yi da manomi da mai turo kuɗi da hukuma za su ɗauki wannan magana da muhimmanci.

Wace irin tsutsa ce?

Ba baƙuwa ba ce ga masana. Tun 1855 aka fara ganin aikinta a saiwar kokwamba a Ingila, kuma sunanta na kimiyya Meloidogyne. A ƙasashe masu zafi irin Nijar, nau'o'in da suka fi yawa su ne incognita da javanica da arenaria. A lokacin da take ƙyanƙyashewa daga ƙwai, tsawonta bai cika rabin milimita ba. Tana bin lemar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa har ta samu ƙarshen ɗanyar saiwa, ta huda ta shiga, ta zauna wuri guda. Yawun da take zubawa shi ke sa naman saiwar ya kumbura ya zama rumbun abincinta. Wannan kumburin shi ne ƙulli-ƙullin da ake gani a jikin saiwa, wani lokaci a jere kamar 'ya'yan casbaha, wani lokaci a dunƙule kamar citta.

Saiwar da ta kumbura haka ba ta iya jan ruwa da abinci yadda ya kamata. Shi ya sa shuka ke nuna alamun ƙishi da yunwa tana tsakiyar ruwa da taki. Ƙara mata yuriya daidai yake da cika kwanon marar lafiyar da maƙogwaronsa ya toshe.

Mace ɗaya tana yin ƙwai ɗaruruwa, tana tara su cikin wani abu mai yauƙi a bayan saiwa. A lokacin zafi, mako uku zuwa huɗu ya ishe ta ta tashi daga ƙwai ta kai ga yin nata ƙwan. Tumatir kuwa yana yin wata uku zuwa huɗu a fangali. Ke nan a shuka ɗaya tsutsar tana iya hayayyafa zubi uku ko huɗu. Ko da a ce goma kacal ke tsira daga ƙwan kowace mace, ɗaya za ta zama 10, goman su zama 100, ɗarin su zama 1.000 kafin a cire kwandon ƙarshe. Manomin da ya ga ɓarna kaɗan bana ya share, baɗi zai tarar da ita ta ninka.

Ƙasar da ta fi so ita ce mai yashi, mai ɗumi, mai lema a kai a kai. Duk wanda ya san garaken kudancin Nijar ya san cewa siffarsu ke nan. Tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kountché ta tura jama'a noman rani gadan-gadan, akwai fadamun da ba su huta ba. Shekara 40 ana juya tumatir da kuɓewa da gauta da salati a fangali ɗaya. Zuwan injinan ban ruwa da farantan sola ya ƙara rage hutun, domin a da rani kan busar da ƙasa ya kashe wani kaso na tsutsar, yanzu kuwa akwai garaken da ke kore wata goma sha biyu. Ci gaban da ake murna da shi, wanda kuma ya cancanci murna, shi ne ya shimfiɗa wa tsutsar tabarma.

Ɓarnarta ba ta tsaya ga tsotse shuka ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: raunin da take yi wa saiwa ƙofa ce ga cututtukan da ke cikin ƙasa, musamman naman gwarin Fusarium da ƙwayar cutar Ralstonia, waɗanda ke busar da tumatir cikin 'yan kwanaki. Manomi ya ga mutuwar farat ɗaya, bai san cewa an yi wata biyu ana buɗe mata hanya ba.

Yadda ake gane ta

Alamar farko ita ce ɓarnar ba ta kama garka gaba ɗaya lokaci guda. Tana fitowa tsibi-tsibi: nan shuke-shuke sun tsumbure, taku biyar gaba kuma suna lafiya lau. Shekara mai zuwa tsibin ya faɗaɗa, galibi yana bin hanyar da ruwa ke bi. Alama ta biyu ita ce laushin tsakar rana a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. To amma waɗannan duka zato ne. Tabbaci yana cikin saiwa.

A zaɓi shukar da ke bakin tsibin, wadda ta kamu amma ba ta mutu ba. Kada a fizge ta da hannu, domin ƙananan saiwoyin za su tsinke su zauna cikin ƙasa. A sa shebur ko fartanya a tono ta da ƙasarta, a tsoma cikin ruwa a girgiza a hankali. Lafiyayyar saiwar tumatir fara ce, sirara, mai gashi-gashi da yawa. Wadda ta kamu tana da ƙulli, gashinta ya ragu, idan abin ya yi nisa ma ta fara ruɓewa. A karas, alamar ita ce ya yi rassa biyu ko uku da gemu, ya ƙi sayuwa. A dankalin turawa, fatar ce ke yin ƙuraje.

Akwai kuskuren da ya kamata a kiyaye. Gyaɗa da wake da waken suya suna da nasu ƙulli a saiwa wanda alheri ne, domin shi ke tara wa ƙasa sinadarin da ake saye a buhun yuriya. Bambancin yana da sauƙi. Ƙullin alheri yana manne ne a gefen saiwa, ana murza shi da yatsa ya faɗi, in an fasa shi cikinsa ja-ja ne. Ƙullin tsutsa kuwa jikin saiwar ne da kansa ya kumbura, ba ya cirewa sai an karya ta.

Wanda ke shirin sayen garka ko karɓar haya ko jingina, yana da hanyar gwada ƙasar kafin ya biya. A ɗebo ƙasa daga wurare kamar goma, zurfin taƙi ɗaya, a gauraya, a cika bokiti uku ko huɗu da aka huda gindinsu. A shuka kuɓewa a ciki, a riƙa ba ta ruwa. Bayan mako biyar ko shida a zazzage a wanke saiwar. In akwai tsutsar, kuɓewa ba ta ɓoye ta. Abin mamaki ne a ce matashi ya yi shekara uku yana ɗaukar siminti a ƙasar waje, ya dawo ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi farantan sola da wayar shinge, amma bai ba ƙasar da zai zuba wannan dukiya a kanta mako shida na gwaji ba.

Da hannu ake kai ta garka

Da ƙafarta, wannan tsutsa ba ta wuce kimanin mita ɗaya a shuka guda. Duk wata doguwar tafiya da ta yi, ɗaukar ta aka yi. Ruwan da ya ratsa fangali mai ciwo ya shiga na gaba yana ɗauke da ita. Ƙasar da ta manne a fartanyar aro, ko a garma, ko a takalmi da kofaton dabba, tana ɗauke da ita. To amma babbar motarta ita ce dashe.

A nan ne gizo ke saƙa. A farkon noman rani, kasuwannin ƙauye da bakin tashoshi cike suke da damman dashen tumatir da tattasai da gauta da shu, an naɗe su cikin jiƙaƙƙen tsumma. Mai saye yana duba tsawon dashen da koren ganyensa, ya yi ciniki, ya biya. Da wuya ka ga wanda ya buɗe tsumman ya dubi saiwa. Mai renon kuma sau da yawa a wuri ɗaya yake reno shekara da shekaru, kusa da rijiya, a gefen tsohon fangalin tumatir, wato daidai inda tsutsar ta fi yawa. Ba mugunta ba ce, shi ma bai sani ba. Sai dai sakamakon ɗaya ne: wurin reno guda mai ciwo yana iya raba tsutsar ga garake masu yawa a rana ɗaya ta kasuwa, har da sabuwar ƙasar da ba a taɓa nomawa ba.

Duba saiwar dashe a kasuwa ya fi rashin dubawa, kuma duk damin da aka ga ƙulli ko ɗaya a cikinsa a bar shi ko kyauta ne. Amma dashen da bai daɗe da kamuwa ba yana iya zama bai nuna komai ba tukuna. Don haka mafi aminci shi ne manomi ya yi renonsa da kansa a kan ƙasar da ya tsabtace, ko ya saya wurin wanda ya san yadda yake reno. Ƙasar reno ba ta da yawa, ana iya jiƙa ta a turara ta cikin rabin tano a kan wuta na kimanin minti 30, a bar ta ta huce, a zuba cikin leda ko faranti, a ɗora a kan wani abu don kada ta taɓa ƙasar garka. Wannan ma sana'a ce da ke jiran matasan birni. Wanda ya yi suna da dashe mai tsabta a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa ba zai rasa masu saye ba.

Guba ba ita ce mafita ba

Idan manomi ya gano cewa ciwon a ƙasa yake, abin da mai kasa magani a kasuwa zai fara miƙo masa shi ne magani mai tsaba-tsaba da ake barbaɗawa a gindin shuka. Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Furadan, mai sinadarin karbofuran. Ya kamata kowa ya sani cewa tun 2015 aka haramta wannan sinadari a ƙasashen ƙungiyar CILSS, wadda Nijar ke cikinta, bisa shawarar kwamitin Sahel mai tantance magungunan ƙwari. Hukumar lafiya ta duniya ta sa shi a sahun masu tsananin haɗari. Yana shiga jikin shuka ta saiwa, ke nan wanke ganye ba ya fitar da shi. Salatin da ake cirewa bayan 'yan makonni, da zogalen da ake yanka a kai a kai, suna iya isa kwanon ɗan birni da sauransa a jiki. A fadamun da ruwa ke kusa, yana iya gangarawa rijiyar da masu aikin garka ke sha. Yana kashe tsuntsaye da kaji, yana kuma iya kashe yaron da ya ɗauka a hannu.

Ƙungiyar RECA, wadda ta haɗa majalisun manoma na jihohin ƙasar nan, ta sha bin kasuwanni tana ƙidayar magungunan ƙwarin da ake sayarwa, kuma abin da take samu shi ne da yawansu ba su da izinin wancan kwamiti. Mai sayarwa sau da yawa ba ya iya karanta abin da ke jikin kwalin, balle mai saye.

Ko maganin da aka amince da shi ma ba ya share tsutsar daga ƙasa. Yana rage ta ne na 'yan makonni a saman ƙasa, waɗanda ke can ƙasa da ƙwan da ya tsira su sake cika wurin kafin ƙarshen shuka. Gaskiyar da mai talla ba zai faɗa ba ita ce, garkar da nematod ya shiga ba a raba ta da shi kwata-kwata. Abin da ake yi shi ne a riƙe yawansa ƙasa-ƙasa, yadda shuka za ta yi 'ya'ya ta biya wahalar mai ita. Wannan kuwa aikin tsari ne na shekara da shekara.

Abin da ke aiki

Makami na farko kyauta ne, kuma Nijar ta fi kowa shi: rana. Wannan tsutsa ba ta jure zafi da bushewa. Da an gama cire amfani, a tumɓuke shuke-shuken da saiwarsu, a shanya, a ƙone. Barin kututturen tumatir da kuɓewa a fangali har su mutu don kansu kyautar wata guda ce ta abinci ga tsutsar, kuma saiwa mai ciwo ba ta shiga ramin taki. Daga nan a kafce ƙasar a watan Afrilu da Mayu, a bar ta ba ruwa, a sake juya ta bayan kowane mako biyu don ta ciki ta fito ta sha rana.

Wanda ke da hali ya ƙara da leda. A kafce fangali, a farfasa hoge, a ba shi ruwa ya ƙoshi, a rufe da farar leda mai nuna ciki, a binne bakinta ta kowane gefe, a bar ta mako huɗu zuwa shida a tsakiyar bazara. Zafin da ke taruwa a ƙarƙashinta yana dafa tsutsar da ƙwanta da 'ya'yan ciyawa a saman ƙasa. Baƙar leda ba ta kai farar aiki ba. Zafin ba ya nisa sosai zuwa ƙasa, don haka bayan an yaye ledar kada a yi kaftu mai zurfi. Rufe kadada guda da leda ya fi ƙarfin yawancin manoma, amma rufe wurin reno da fangulan da suka fi ciwo bai fi ƙarfinsu ba.

Makami na biyu shi ne juya shuka, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Cire tumatir a sa gauta, ko tattasai, ko kuɓewa, ko kankana, ko karas, ko salati, sauya wa tuwo suna ne kawai, domin duka abincinta ne. Yawancin irin wake ma haka. Waɗanda ba ta samun yadda take so a jikinsu su ne gero da dawa da riɗi da albasa da tafarnuwa, sai gyaɗa wadda ke tsayayya da nau'o'in da suka fi yawa a yankin. Fangalin da ya yi tumatir bana, ya samu gero ko gyaɗa da damina, albasa da rani mai zuwa, kafin tumatir ya dawo masa. Fadamar da ruwa ke kwanciya a kanta wata biyu ko fiye da damina, ko ake noma shinkafa a cikinta, ita ma tana samun sauƙi. Sai dai juyin ba ya aiki in an bar ciyawa, domin alayyahu da lalo da gautan kaji da ke fitowa don kansu suna riƙe wa tsutsar wuri. Haka gwanda da gwaba da ke tsakiyar fangula, saiwarsu matattara ce da ba ta yankewa.

Na uku shi ne iri. A jikin gwangwani ko ledar irin tumatir akan ga haruffa bayan sunan. Harafin N shi ke nuna cewa irin yana da juriya ga nematod. Roma VF ba shi da ita, Rossol VFN yana da ita. Wannan juriya ta samo asali ne daga wani tumatirin daji na ƙasar Peru, kuma tana da iyaka biyu da ya kamata mai saye ya sani. Ta farko, tana raunana idan zafin ƙasa ya haura digiri 28, ke nan ta fi amfani ga tumatirin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a kan na bazara. Ta biyu, akwai wani nau'in tsutsar mai suna enterolobii da bai san da zamanta ba, kuma a 2017 masu bincike sun ba da rahoton samunsa a jikin tattasai a Nijar. Ga ƙasar da tattasan Diffa ke ciyar da dubban gidaje, wannan labari ne da ya cancanci ya fita daga mujallun masana ya shiga rediyo.

Na huɗu shi ne takin gargajiya da ya ruɓe sosai. Yana riƙe ruwa a ƙasa mai yashi, yana ƙarfafa shuka, yana kuma ciyar da ƙananan halittun da ke farautar tsutsar a cikin ƙasa. Ganye da tunkuzar 'ya'yan dogon yaro, in an gauraya su da ƙasa mako biyu ko uku kafin dashe, suna rage ta. Furen nan mai ruwan ɗorawa da ake ado da shi a gidajen birni, wanda masana ke kira Tagetes, shi ma yana kashe ta, da sharaɗin a cika fangalin da shi wata biyu zuwa uku. 'Yan ƙwarori a bakin shinge ado ne kawai.

Sauran kuwa tarbiyyar aiki ce: a fara ban ruwa da nome daga fangula masu lafiya a ƙare da masu ciwo, kada hanyar ruwa ta ratsa masu ciwo, a wanke kayan aikin aro kafin su shiga garka.

Mai fangali ashirin fa?

Akwai ƙorafin da ba za a yi watsi da shi ba. Manomin da garkarsa ba ta fi fangali ashirin ba, wataƙila ma haya yake yi, ga bashin mai da na iri a wuyansa, zai ce tumatir da kuɓewa su ke kawo kuɗi duk mako, in ya sa gero a wurinsu me zai ci? Mai haya kuma zai ce don me zai gyara ƙasar da baɗi za a iya karɓewa? Maganarsu tana da kamshin gaskiya, kuma duk malamin gonar da ya zo da umarnin a bar tumatir shekara uku ba tare da ya amsa wannan tambaya ba, zai yi wa'azinsa ne shi kaɗai.

Amsar ita ce ba a ce a bar tumatir ba, an ce a raba garkar ne. Kashi ɗaya tumatir, kashi ɗaya albasa ko tafarnuwa, kashi ɗaya ya sha rana, baɗi a juya. Albasa ba shukar asara ba ce a ƙasar da albasar Galmi ke cika manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. Gero da gyaɗar damina kuma ba su hana komai ba, tunda a lokacin yawancin fangulan ba su da tumatir. Sannan a yi lissafin gaskiya: kuɗin mai ko na gyaran inji, kuɗin taki, kuɗin feshi da ladan 'yan aiki duk ɗaya ne, ko saiwar lafiya take ko ruɓaɓɓiya ce. Wanda ya ci gaba da dasa tumatir a fangali mai ciwo yana biyan cikakken kuɗi ne don ya girbi rabin amfani. Batun haya kuwa, mai ƙasa ne ya fi kowa asara in ta mutu, don haka yarjejeniyar shekara uku ko huɗu ta fi ta shekara ɗaya amfani ga kowane ɓangare.

Aikin da ke kan hukuma

Lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta bayyana a Nijar a 2013, ta kuma kai jihar Kaduna ga ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a 2016, kowa ya ji labari, domin ɓarnarta a fili take, ana ɗaukar hotonta. Nematod ba shi da wannan farin jini. Yana cin rabonsa shiru, shekara bayan shekara, ana rubuta asarar da sunan gajiyar ƙasa. A daidai lokacin da hukumomi ke maganar faɗaɗa noman ban ruwa don ƙasa ta ciyar da kanta, bai dace a ƙidaya kadada da rijiyoyi kawai ba, a manta da lafiyar ƙasar da za a ba ruwan.

Ilimin yana nan cikin gida. Cibiyar binciken noma ta INRAN tana da masana wannan fanni, ga cibiyar AGRHYMET a Yamai, ga hukumar kare tsirrai ta DGPV, ga sassan koyar da noma a jami'ar Abdou Moumouni da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. RECA tana da layin waya da WhatsApp da manomi ke iya tura tambaya da harshensa. Abin da ya rage shi ne ilimin ya sauka bakin rijiya.

Abu na farko, a san masu renon dashe na sayarwa a kowace da'ira, a horar da su, a riƙa duba wurin renonsu kafin lokacin kasuwa. Su ba su da yawa kamar manoma, kuma gyara su gyara ne ga duk wanda ke saye a wurinsu. Na biyu, a manyan filayen ban ruwa da ONAHA ke kula da su, inda ruwa ɗaya ke bin gonaki da yawa, ƙungiyoyin manoma su tsara juyin shuka tare, yanki-yanki, tunda ƙoƙarin mutum ɗaya ba ya tsira in maƙwabcinsa na sama yana turo masa tsutsa. Na uku, gidajen rediyon karkara su yi shiri a kan duba saiwa a ƙarshen noman rani, lokacin da ƙullin ya fi fitowa, da kuma farkon reno. Na huɗu, haramcin 2015 ya tashi daga takarda ya isa kasuwa, tare da bayyana wa masu sayarwa dalili, domin kwace kaya ba tare da nuna madadin ba sai dai ya mayar da cinikin ƙarƙashin tebur. Ɗaliban aikin gona da ke neman wurin gwajin aiki kuma, a tura su garake da shebur da bokiti su zana taswirar inda ciwon yake.

Sai mai turo kuɗi, wanda guminsa ne ke tafiya a kwalbar feshin da ba ta da amfani. Ba a ce ya hana ɗan uwansa taimako ba. Idan saƙo ya zo cewa tumatir na mutuwa, kafin ya nufi wurin aika kuɗi, ya nemi a tono shuka uku daga wurare daban-daban, a wanke saiwarsu, a ɗora a kan farar takarda ko tire, a turo masa hoto. In saiwar fara ce sumul, to a nemi ciwon a wani wuri, a kuma tura hoton ganyen ga malamin gona. In kuwa ƙulli ya bayyana, kuɗin feshin ya koma sayen farar leda, da iri mai harafin N, da amalanken taki, da irin albasar baɗi. Salular da ta iya ɗauko koke daga Madarunfa zuwa Tamanrasset tana iya ɗauko hoton saiwa.